Wai da gaske ana ƙara wa laftof girafik, ko in nemi katin waje?

Ɗan_Samaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in zubar da kuɗina. Ina aji uku a sashen zanen gine-gine a ABU. Laftof ɗina HP EliteBook 840 G5 ce, Core i5 ƙarni na 8, RAM 8GB, tokumbo na saya bara. Manhajojin zane irin AutoCAD da SketchUp tana ja ba laifi, amma da na buɗe Lumion, wadda ke fitar da hoton gini kamar na gaske, sai ka ce an ɗaure mata dutse a ƙafa, juya gini ma sai na tsaya jira. Jiya wani mai gyara ya ce in kawo wani abu ya ƙara mini girafik ɗin ya kai 4GB. Wani abokina kuma ya ce akwai katin da ake jonawa ta waje kamar filash. Abin da ke hannuna bai wuce dubu 350 ba, shi ma Yayana ne ya haɗa mini. Wanne ne gaskiya a ciki?

Kwangila77: Wa alaikumus salam. Kada ka ba shi ko sisi.

Injiniya_PZ: Wa alaikumus salam ƙanena. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, don haka bari in fara da na cikin laftof. Girafik ɗin da ke cikin na'urarka sunansa Intel UHD 620, kuma ba kati ba ne da za a zare a saka wani, a cikin furosesar yake, ita kuma furosesar an like ta da dalma a jikin bod. Ba shi da ma'ajiya tasa ta kansa, daga RAM ɗinka yake ara. Yanzu buɗe Task Manager ka shiga wajen GPU, za ka ga an rubuta kusan 4GB a matsayin wadda yake arowa, domin Windows na ba shi damar cin rabin RAM. To wannan 4GB ɗin ce mutumin zai nuna maka ya karɓi kuɗi. Ko kuma ya shiga rajistar Windows ya canza lambar da manhaja ke gani. Lamba ta canza, ƙarfi yana nan inda yake. Kamar ka rubuta wa Keke Napep lambar tirela ne ka ce ta ɗauki siminti buhu 600.

Ɗan_Samaru: Innalillahi. Na duba yanzu, 3.9GB na gani. Oga Allah Ya saka da alheri.

Bakano_a_Zazzau: Ai Zage-zagi sai ku. A garin ilimi ake sayar wa mutum da abin da yake aljihunsa. Ka zo Farm Centre mu sayar maka da na gaske.

Kwangila77: Daga bakin Bakano? Ku da kuke sayar wa mutum inuwar bishiya ku ba shi rasit.

Abba3D: Injiniya ya yi gaskiya, amma kada a ce duk laftof haka take. Akwai waɗanda katinsu ke fita. Tsarin ana ce masa MXM, Nvidia ce ta fito da shi tun 2004. Ina da Dell Precision M6800, ni da hannuna na kwance katin ciki na saka wanda ya fi shi. Tsofaffin ZBook 17 da wasu Alienware da Clevo duk haka suke.

Injiniya_PZ: Haka ne Abba, amma ka faɗa masa sauran labarin. Nawa ne nauyin M6800 ɗin taka? Ya haura kilo uku, ban da caja mai kama da bulo. Sannan ba kowane katin MXM ne BIOS, wato manhajar bod da ke tayar da na'ura, zai karɓa ba, wani sai an taɓa direba da hannu kafin ya shiga, wani kuma ƙarfen sanyaya bai hau kansa daidai ba. Kuma kamfanoni sun yi watsi da tsarin, tunda kowa siririya yake so. Ita dai EliteBook ɗinsa babu wannan maganar sam.

Abba3D: Ban musa ba. Kwana biyu na yi ina fama da direba kafin ta yarda. Na dai faɗa ne don a san akwai.

Yaron_Hanwa: To ni na ji ana ɗaga cif ɗin girafik da injin zafi a ɗora wani babba. Ba a yin wannan?

Injiniya_PZ: Ana ɗaga cif idan ya mutu a mayar da irinsa sak. Amma a ɗora babba? Layukan wutar bod ɗin, da ma'ajiyar da ke gefensa, da fanka, duk don wancan ƙaramin aka auna su. Garin neman gira sai a rasa ido. Na sha karɓar bod da aka gasa a wani wuri aka kawo mini in yi addu'a.

Malam_Kongo: Mu dawo kan tambayarsa ta biyu, ita ce mai amfani. Katin waje gaskiya ne, shi ake kira eGPU. Akwati ne mai nasa fawa saflai, ka saka katin girafik irin na babbar kwamfutar tebur a ciki, ka haɗa da laftof da kebul ɗaya. Sharaɗin shi ne laftof ɗin ta zama tana da Thunderbolt 3 ko 4, ko USB4 mai wuce PCIe, wato hanyar da katin girafik ke magana da furosesa. Ramin USB-C kawai bai isa ba, kama ce ta baki. Ka duba gefen ramin, idan akwai alamar walƙiya mai kan kibiya to ka dace.

Gyallesu_Tech: EliteBook 840 ba ta da Thunderbolt Malam. Ina da ita, na gwada dok, wato akwatin ƙara ramuka na Thunderbolt, bai yi ba.

Malam_Kongo: Wacce ce taka?

Gyallesu_Tech: G3.

Malam_Kongo: To shi ya sa. G3 USB-C ce zalla. Daga G5 suka saka Thunderbolt. Sai dai Ɗan_Samaru ka tabbatar 840 ce ba 745 G5 ba, jikinsu iri ɗaya ne amma 745 AMD ce kuma ba ta da shi. Tunda ka ce i5 dai to da sauƙi.

Ɗan_Samaru: Akwai alamar walƙiyar Malam. Ke nan in na sayi akwatin shi ke nan ta zama kamar ta 'yan gem?

Malam_Kongo: A'a, sannu dai. A takarda Thunderbolt 3 gudunsa 40Gbps ne, amma abin da katin ke samu layi huɗu ne na PCIe 3.0, wato 32Gbps a ƙololuwa, a aikace ma bai kai haka ba. Kati a kwamfutar tebur kuwa layi 16 yake hawa. Wasu laftof ɗin ma layi biyu kacal aka ba ramin, irin ThinkPad T480. Ka sauke manhajar HWiNFO ka duba naka. Na biyu, idan a fuskar laftof ɗin za ka riƙa kallo, hoton sai ya je katin ya dawo ta wannan kebul ɗin dai, hanyar ta ƙara matsewa. Shi ya sa ake jona monita kai tsaye a bayan katin. To ga kuɗin monita ya shigo. Na uku, furosesarka mai wat 15 ce, don aikin ofis aka yi ta. Ko doki ka ɗaura mata, ita ce za ta riƙe linzami. Manhajar Revit kuwa da za ku shiga nan gaba, furosesa ya fi ci a kan girafik.

UmmuKhalil: Salam. Ni ina amfani da shi shekara biyu ke nan, bari in faɗi abin da na gani. Haɗa bidiyon biki da na walima nake yi a Tudun Wada. X1 Carbon ce da ni, da akwatin Razer Core X na hannu da ƙanin maigidana ya taho mini da shi, da RTX 3060 mai 12GB a ciki. Wajen fitar da bidiyo a DaVinci Resolve bambancin kamar dare da rana ne, aikin da nake bari in je in ɗora girki in dawo bai gama ba yanzu kafin in yanka albasa ya fita. Kuma akwatin yana cajin laftof ɗin ta kebul ɗin, ba na ɗaukar caja. Amma abin da babu wanda ya gaya mini kafin in saya shi ne wuta. Laftof tana da batir, akwatin ba shi da shi. Ana ɗauke wuta katin ya mutu nan take, laftof na kunne amma manhajar ta rufe, wani lokacin har shuɗin allo. Ranar da na fi jin zafi, bidiyon kamu ne uwar amarya na jira da safe, saura kaɗan ya gama aka ɗauke. Sai da na sake daga farko da janareta ƙarfe biyun dare. Tun daga nan ban ƙara kunna shi ba sai a kan inbata.

Kwangila77: Hajiya ta gama magana. Duk bidiyon YouTube ɗin da kuke kallo a inda ba a ɗauke wuta aka yi su.

Ɗan_Samaru: Anti wannan kam ban taɓa tunaninsa ba. A ɗakin da muke haya a Samaru wutar sai a hankali.

Mai_Sola_Palladan: Bari in yi maka lissafi. RTX 3060 na tebur tana cin wat 170 idan tana aiki sosai. Laftof ɗinka cajarta 45 ko 65 ce. Monita ka sa 30. Kana wajen wat 270 ke nan, ban da asarar da inbata ke yi. Batir mai 200Ah 12V a lissafi 2400Wh ne, amma idan irin na ruwa ne rabi ake ci in ana so ya yi kwana, 1200 ke nan. Awa huɗu da 'yan mintuna, shi ma ba fanka ba fitila. Kuma ka nemi inbata mai tsabtatacciyar wuta, waɗannan ƙananan masu ƙara fawa saflai na zamani ba ya shiri da su.

Bakano_a_Zazzau: Yaro ya zo da dubu 350 neman girafik, kun kai shi sayen batir da faranti. Anjima za ku ce ya sayi fili ya kafa su.

Mai_Sola_Palladan: Ni ban ce ya saya wurina ba ai.

Bakano_a_Zazzau: Sunanka ya riga ya faɗa.

Yaron_Hanwa: Ni fa da arha na yi nawa, ba wani Thunderbolt. ThinkPad T430 ce tsohuwa, tana da ramin ExpressCard. Na yi odar adaftar EXP GDC, na samo fawa saflai na tsohuwar kwamfuta, na saka GTX 750 Ti, na jona talabijin. PES da GTA V nake bugawa lafiya lau. Wanda ba shi da ExpressCard ana zare katin wayafai a jona ta nan.

Injiniya_PZ: Yana yi, na haɗa wa mutane. Amma layi ɗaya ne tak, na PCIe 2.0, 5Gbps. Ga 750 Ti ba asara da yawa, tunda katin ma ƙarami ne. Ka saka babba ka ga yadda zai shaƙe. Kuma daga GTX 10 zuwa sama, a irin wannan haɗin Windows kan jefo maka Error 43, wato ta ƙi tuƙa katin, sai an bi ta bayan gida an gyara. Wata na'urar kuma Error 12. Sannan in ta ramin wayafai ne, cikin laftof a buɗe, kebul a waje, ba wayafai. Ta tashi daga laftof ta zama kayan tebur.

Abba3D: Hanyar M.2 ta fi wannan nesa ba kusa ba. Ramin nan na M.2 da SSD ɗin NVMe ke zama yawanci layi huɗu ne kai tsaye, ba ya bi ta cif ɗin Thunderbolt, don haka sau da yawa ya fi shi sauri ma. Ana saka adaftar ADT-Link ko a fitar da ramin kebul mai suna OCuLink. A sababbin na'urori masu PCIe 4.0 har 64Gbps. Kuma kuɗinsa bai kama ƙafar akwatin Razer ba, wanda dala 299 aka fito da shi a 2018, babu kati a ciki.

Malam_Kongo: To in ya cire SSD ɗin, Windows ɗinsa a ina zai zauna? Sai dai ya koma tayar da ita daga USB. Kuma OCuLink ba a zare shi na'ura na kunne. Wannan yaron kullum sai ya saɓa jaka ya tafi situdiyo. Ku riƙa duba wanda ake ba shawarar.

Abba3D: Wannan kuma gaskiya ne. Na ɗauka a gida yake aiki.

Zainab_Arc: Ni na gama sashen nan naku, Ɗan_Samaru, kuma wannan ce matsalar da ba a taɓo sosai ba. Lokacin juri, wato gabatar da zane gaban malamai, kwana ake a situdiyo. Malami zai tsaya a kanka ya ce juya mini ginin in ga bayansa, canza wannan rufin. Akwatinka yana ɗaki a Samaru, me za ka nuna? Ko za ka riƙa hawa acaba da akwati mai girman ƙaramin janareta da monita a ka? Mu a ajinmu waɗanda suka huta su ne masu laftof ɗin gem, ko da GTX 1650 ce. Ni shawarata ka sayar da EliteBook ɗin, tana da kasuwa wajen 'yan ofis, ka haɗa da abin hannunka ka nemi ta hannu mai GTX 1660 Ti ko RTX 3050 ko 3060. Sai dai ka sani 3060 ta laftof 6GB ce, ba 12 irin ta Hajiya ba.

Kwangila77: Laftof ɗin gem a bazarar Zariya? Watan Maris da Afrilu za ka soya ƙwai a kanta. Batirinta kuma awa biyu ya yi sallama.

Zainab_Arc: Awa biyun nan dai ta isa ka adana aikinka ka kashe cikin mutunci. Akwatin Hajiya ko sakan ɗaya bai ba ta ba.

UmmuKhalil: Wallahi kuwa.

Injiniya_PZ: Zafin ma rabinsa ƙura ce. Duk wadda ta sha hunturu ɗaya ba a buɗe ta ba, za ka samu bargo a bakin fankar. A hure ta, a canza man furosesa, a ɗaga bayanta daga tebur, kada a ɗora kan katifa. Akwatin eGPU ma haka yake shaƙar ƙura, Hajiya a riƙa rufe shi da ƙyalle in ba ya aiki.

Dattijo_Wusasa: Ku yi haƙuri da tsoho, ni tambaya ce tawa. Ɗana ya aiko mini MacBook Air M1, jikana yana so ya jona irin wannan akwatin. Ramukanta suna da alamar Thunderbolt a takarda. Zai yi?

Malam_Kongo: Ranka ya daɗe ba zai yi ba. Mac masu furosesar Intel ne kawai Apple ya ba wannan damar, daga macOS 10.13.4, kuma da katunan AMD. Tun da suka koma M1 a 2020 suka rufe ƙofar. Ramin yana nan, amma macOS ba zai tuƙa katin ba. Kada a sayi komai.

Dattijo_Wusasa: Madalla, Allah Ya yi albarka. Na huta da naci.

Sani_Kwamfuta: Ni ban gane dalilin wahalar nan ba. Akwati kuɗi, kati kuɗi, monita kuɗi, inbata kuɗi. To ai ka gama sayen kwamfutar tebur, sai dai ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka samu duka ba. Ka nemi tsohuwar OptiPlex ko EliteDesk ta ofis mai i5 ko i7, ka saka mata GTX 1650, wat 75 take ci, yawancinsu daga ramin bod suke shan wuta ba sai an ja musu wata waya ba. In ƙaramin jiki ce kwamfutar ka nemi gajeren kati. Ka riƙe EliteBook ɗinka don aji, rendarin, wato fitar da hoton ginin, a gida.

Zainab_Arc: Ita ma ta teburin in an ɗauke wuta fa?

Sani_Kwamfuta: Ƙaramin UPS ya ishe ta ka adana ka kashe.

UmmuKhalil: To ai UPS ɗin zai yi wa akwatin ma. Ni ce dai ban sani ba da farko.

Abba3D: Wani abu kan asarar ƙarfi da ake ta faɗa, ba kowane aiki take kamawa daidai ba. A manhajar Blender idan kana rendarin da injinta Cycles, ana loda kayan cikin ma'ajiyar katin sau ɗaya ne ya zauna yana lissafinsa, kebul ɗin kusan hutawa yake. Nan eGPU da ta tebur kusan kunnen doki suke. Gem ne mai kai da komo kowane lokaci, shi ke jin matsin. Lumion kuwa wajen yawo cikin gini kamar gem yake, wajen fitar da hoto kuma ya fi kama da na Blender.

Bakano_a_Zazzau: In dai za ka sayi kati na hannu, musamman RX 580, ka sa a kunna maka shi a gabanka ya yi minti 20 yana aiki da ƙarfi. Da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana. Akwai kuma na jabu, a canza wa tsohon kati suna ya riƙa nuna GTX 1050 Ti. Ka sa manhajar GPU-Z ka duba. Ni an taɓa yi mini, ta intanet na tura kuɗi, cinikin biri a sama. Aka kawo kwali mai kyau, ciki kuwa kakan kati.

Kwangila77: Allahu Akbar. Ashe ana cutar Bakano.

Bakano_a_Zazzau: Sau ɗaya ne, shi ma ina jin Bazazzagi ne.

Injiniya_PZ: Ɗan_Samaru, kafin duk wannan akwai abu mai sauƙi. 8GB ɗinka sanda ɗaya ce ko biyu? Na'urarka rami biyu gare ta, DDR4. In ɗaya ce, ka ƙara wata 8GB irinta. Girafik ɗin Intel daga RAM yake sha, in sanduna biyu ne hanyar ta ninka, za ka ji canji a SketchUp. Ba zai sa Lumion ya tashi ba, kada in yaudare ka. Amma ko eGPU za ka yi, da 8GB ba inda za ka je, 16 ake nema. In ma sayarwa za ka yi, ta ƙara daraja. Sannan ka shiga BIOS ka ga ko a buɗe yake. Yawancin tokumbon nan daga kamfanoni suka fito, wasu da fasawod a kai, wasu an kashe Thunderbolt ɗin daga can. In a kulle yake, maganar akwati ta tsaya sai an warware wannan.

Malam_Kongo: Wannan batu na BIOS na manta da shi, ya yi kyau Injiniya. Akwai dai masu ƙoƙarin dawo da katin da ake zarewa, Framework Laptop 16 ana cire na bayanta a saka wani. Amma a nan ina za ka gan ta, kuma da wane kuɗin.

Ɗan_Samaru: Na gode ƙwarai jama'a. BIOS a buɗe yake alhamdulillah, RAM kuma sanda ɗaya ce. Gobe in sha Allah zan ƙara 8GB ɗin. Na tura wa Yayana maganganun nan, shi yana bayan Anti Zainab, wai a sayar a sayi ta gem. Ni kuma raina yana kan akwatin, saboda in na canza laftof nan gaba katin yana nan. Anti UmmuKhalil, in ba damuwa ko za a bari in kawo tawa a jona a naki in ga yadda Lumion zai yi kafin in yanke?

UmmuKhalil: Ba damuwa, sai dai bayan Asabar, ina da biki biyu a hannu. Zan yi wa maigidan magana ya haɗa ku. Ka taho da fayil ɗin ginin da ya fi ba ka wahala, ba ƙarami ba.

Sani_Kwamfuta: In ka je ka dubi mitar inbatarta yayin da yake aiki. Ni har yanzu ta tebur na ce.

Gyallesu_Tech: To mu masu G3 fa, babu wata hanya ke nan? Ramin wayafai ɗin nata zai yi?